Mulkin Sama a Littafi Mai Tsarki da Koyarwar Katolika

Mulkin Sama na cikin manyan jigogin wa'azin Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, kamar yadda Linjila ta kawo. Ana nufin sarautar Allah a kan halittarsa, wadda Kiristoci suka yi imani ta soma bayyana da zuwan Yesu, cikarta kuwa sai ranar ƙarshe. Yawancin ɗarikun Kirista sun yarda da wannan. Cocin Katolika ta ƙara da ɗaure batun da shugabancin Manzo Bitrus da kujerar Paparoma, kuma nan ne ta raba gari da sauran.

A Tsohon Alkawari

Zabura ta sha ambaton Allah a matsayin sarki, misali Zabura 103:19 da ke cewa ya kafa kursiyinsa a sama. Amma tushe mafi ƙarfi yana littafin Daniyel. A sura ta 2, Sarki Nebukadnezzar na Babila ya yi mafarkin wani ƙaton gunki mai kan zinariya, ƙirjin azurfa, cikin tagulla da ƙafafun ƙarfe, sai wani dutse da ba hannun mutum ya saro shi ba ya faɗo ya ragargaza shi. Daniyel ya fassara cewa dauloli ne za su bi juna su shuɗe, sannan Allah na Sama ya kafa mulkin da ba zai taɓa rushewa ba. Al'adar coci ta ce an rubuta littafin a ƙarni na 6 kafin haihuwar Yesu, yawancin masanan zamani kuwa suna kai shi wajen shekara ta 165 kafin haihuwarsa.

A Linjila

Matiyu kaɗai ne ke cewa "Mulkin Sama", kusan sau 32. Markus da Luka "Mulkin Allah" suke cewa a wurare iri ɗaya. Bayanin da aka fi ji shi ne Matiyu ya rubuta wa Yahudawa ne, masu kauce wa yawan furta sunan Allah, ko da yake wasu masana ba su gamsu ba. Ana zaton an rubuta Linjilarsa tsakanin shekara ta 80 da 90.

Da kiran "Ku tuba, domin Mulkin Sama ya kusato" Yahaya Mai Baftisma ya fara wa'azi, da shi kuma Yesu ya fara nasa. Yesu bai yi wa mulkin ta'arifi ba, misalai ya riƙa bugawa. A sura ta 13 ta Matiyu kawai akwai ƙwayar mustad da ta zama itace har tsuntsaye suka yi sheƙa, da yistin da wata mace ta kwaɓa da gari, da ɗan kasuwar da ya sayar da duk abin da ya mallaka don lu'ulu'u guda, da tarun da ya kamo kifi mai kyau da marar kyau sai a bakin gaɓa aka tsince. A gaban Bilatus, gwamnan Romawa da ya yi masa shari'a, kuma ya ce mulkinsa ba na wannan duniya ba ne.

Mabuɗan Bitrus

A Matiyu 16:18-19, a yankin Kaisariya Filibi, Yesu ya ce wa Bitrus a kan wannan dutse zai gina ikkilisiyarsa, zai kuma ba shi mabuɗan Mulkin Sama: abin da ya ɗaure a duniya ɗaurarre ne a sama, abin da ya kwance kwantacce ne. Malaman Katolika suna haɗa wannan da Ishaya 22:22, inda aka ɗora wa Eliyakim mabuɗin gidan Dawuda a kafaɗa. Muƙamin Eliyakim ya yi kama da na Waziri a fadar Sarkin Musulmi, wanda ba shi ne sarki ba amma ta hannunsa al'amuran fada ke bi. Daga nan Katolika ta ɗauko ikon koyarwa, da shugabanci, da yafe zunubi ta bakin Fada, wato limamin coci. Shi ya sa tambarin Vatikan ke ɗauke da mabuɗai biyu a gicciye, na zinariya da na azurfa.

'Yan ɗarikun Furotesta da yawa na ganin dutsen ba Bitrus ba ne, bangaskiyar da ya furta ce, ko Yesu kansa. Cocin Otodoks na Gabas sun yarda Bitrus na gaba a daraja, ban da iko a kan dukan coci.

Tarihin fahimtar

Bayan an wawashe birnin Roma a 410, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta littafin Birnin Allah, ya kammala wajen 426. A ciki ya ce coci tun yanzu mulkin Almasihu ce ta wata fuska, sai dai alkama da ciyawa a cakuɗe suke cikinta har ranar girbi. Na baya sun riƙe rabin farko na maganar fiye da na biyu.

A 494 Paparoma Gelasiyus na Ɗaya ya rubuta wa Anastasiyus, sarkin Daular Roma ta Gabas, cewa iko biyu ke tafiyar da duniya, na malaman addini da na sarakuna, kuma na farkon ya fi nauyi. Daga wajen 756 Paparoma ya zama mai ƙasa da talakawa a tsakiyar Italiya. A 1302 Paparoma Bonifas na Takwas ya kai da'awar ƙololuwa da ya ce takobin sarakuna ma ƙarƙashin na coci yake. Sarkin Faransa bai bari ta kwana ba, domin shekara guda bayan haka mutanensa suka kama Paparoman a garin Anagni. Ƙasar Paparoma ta faɗi a 1870, yarjejeniyar Lateran da ya ƙulla da Italiya a 1929 ta bar masa Vatikan kawai.

Abin lura, sai da mulkin ƙasa ya kuɓuce sannan aka koma wa ayoyin Mulkin Sama da idon basira. A 1902 wani fada Bafaranshe, Alfred Loisy, ya rubuta cewa Yesu mulki ya yi shela, coci ce ta zo. An kore shi daga coci a 1908. Paparoma Piyus na Sha Ɗaya ya kafa bikin Kristi Sarki a 1925. Babban Taron Vatikan na Biyu, wanda ya tara bishop-bishop na Katolika daga 1962 zuwa 1965, shi ya daidaita maganar: coci iri ce kuma mafarin mulkin a duniya, ba cikarsa ba. A 1964 Paparoma Bulus na Shida ya ajiye kambin sarautarsa. Katikisim na 1992, littafin da ya tattara koyarwar cocin, ya bi wannan layi.

Wasu malaman Latin Amurka sun karkatar da mulkin wajen 'yantar da talakawa, Vatikan ta ja musu kunne a 1984.

A Sakkwato

Katolika 'yan tsiraru ne a birnin Shehu, da yawansu ma'aikata ne da 'yan kasuwa daga wasu sassan Najeriya. Fadoji 'yan ƙungiyar Dominikan daga Amurka ne aka damƙa wa yankin a 1953, ya zama dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, a 1964, da Edward Lawton a matsayin bishop na farko. Michael Dempsey da Kevin Aje suka biyo baya, sai Matthew Hassan Kukah tun 2011. Babbar cocin ita ce Holy Family. A 2023 aka yanke Katsina ta zama dayosis mai zaman kanta.

Masu ibada da Hausa suna roƙon zuwan mulkin a kowace Misa, wato babbar ibadar Katolika, cikin Addu'ar Ubangiji. Bikin Kristi Sarki yana faɗawa Lahadin ƙarshe ta shekarar coci, a ƙarshen Nuwamba, farkon hunturu. A Najeriya ranar ce ake jerin gwanon Jibin Ubangiji, wanda a wasu ƙasashe ake yi a Mayu ko Yuni, saboda a Najeriya waɗannan watanni lokacin damina ne.