Masu Ba Ogan Murya: Sana'ar Gado Mai Neman Magada

Wane irin ogan ake nufi?

Abin kiɗa ne, babban ogan mai bututu, irin na manyan majami'u da zaurukan kiɗa na Turai da Amurka. Iska ce ke busa shi. Na majami'ar Notre-Dame da ke Paris yana da bututu kusan 8,000. Yawancinsu kamar sarewa suke, amma akwai wasu masu ɗan harshen tagulla a ciki, kuma su ne masu amo irin na kakaki. Wanda ya san yadda bakin algaita ke karkarwa ya fahimci rabin maganar.

Yaya harshen yake fitar da sauti?

Ana kwantar da siririn harshen a kan wani ɗan bututun tagulla mai tsaga, a danne gindinsa a cikin curin dalma. Idan iska ta shigo, sai ya riƙa bugun tsagar yana buɗewa yana rufewa da sauri. Akwai waya da ake turawa sama ko ƙasa don rage ko ƙara tsawon ɓangaren da ke karkarwa, da ita ake saita sautin. Babban bututun da ke sama shi ke ƙara wa muryar kauri.

To mene ne aikin mai ba da murya?

Lanƙwasa harshen. Zai ɗora shi a kan katako, ya riƙa goga masa ƙarfe mai santsi har ya ɗan tanƙwaru. In lanƙwasar ta yi yawa, bututun zai yi nawar magana ko ya yi gum. In ta yi kaɗan, sai ya riƙa ƙara mara daɗi. Tsakanin biyun akwai tazarar da ido da ƙyar yake gani. Kuma jeri ɗaya yakan kai bututu 61, dole kowanne ya yi kama da maƙwabcinsa, daga mafi kauri har mafi siriri. Zai gwada, ya saurara, ya kwance, ya sake gogawa. Ƙwayar ƙura ɗaya ko mataccen ƙuda na iya rufe bakin bututu ɗungurungum.

In ogan ya tsufa, me ya hana a sa sababbin harsuna a huta?

Nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Tsohon harshe yana ɗauke da hannun wanda ya lanƙwasa shi. Ogan ɗin da François-Henri Clicquot ya fara a babbar majami'ar garin Poitiers na Faransa, ɗansa ya kammala a 1791, ana zuwa sauraronsa ne saboda muryoyinsa na asali. Mai gyara na ƙwarai yakan wanke, ya miƙe bututun da ya sunkuya, ya magance dalmar da ta ci, ya bar harshen in dai bai tsage ba. Wanda ya zubar da shi ya sa sabo, muryarsa ya sa wa ogan ɗin.

Me ya sa sana'ar ta zama ta gado?

Saboda kunne da yatsa ba a koyonsu a littafi. Yaro yakan shekara da shekaru kusa da mahaifinsa kafin a ba shi harshe ya taɓa. A Ingila, Henry Willis, wanda ya ƙera ogan ɗin zauren kiɗa na Royal Albert Hall da ke Landan a 1871, ya yi aiki da ɗan'uwansa da 'ya'yansa, kuma gidansu ya shahara da muryoyin bututu masu harshe. A Faransa ma maƙerin ogan Aristide Cavaillé-Coll a wajen mahaifinsa ya koya.

Akwai ci a cikinta yau?

Da ƙyar. A 2017 UNESCO ta sa ƙera ogan da kiɗansa na Jamus cikin al'adun gado na duniya, amma a 2021 kamfanin Laukhuff na garin Weikersheim, wanda aka kafa tun 1823 yana sayar wa maƙera kayan ogan, ya rufe. Aikin gyara dai bai ƙare ba. Bayan gobarar 2019, sai da aka kwance bututun Notre-Dame aka wanke musu ƙurar dalma, aka mayar, aka sake saita muryoyinsu kafin buɗe majami'ar a Disamban 2024.