Ingancin aikin ma'aikata

Ingancin aikin ma'aikata shi ne gwargwadon abin da ma'aikaci ke samarwa idan aka auna shi da lokacin da aikin ya ci. Ana raba sa'o'in da aka yi aiki da yawan kayan da aka gama. Shagon da teloli 5 ke ɗinki na sa'a 8 suna fitar da riga 20 a yini, kowace riga ta ci sa'a 2. Idan aka ƙara wa kowannensu sa'a 2 suka fitar da riga 22, kaya sun ƙaru amma inganci ya ragu, domin yanzu kowace riga na cin sama da sa'a biyu da kwata. A nan yawancin masu kamfani ke tuntuɓe: suna ɗaukar daɗewa a wurin aiki a matsayin yawan aiki.

Taylor da agogon auna lokaci

Galibi ana danganta somin wannan ilimi ga Frederick Winslow Taylor (1856–1915), injiniya ɗan Amurka wanda ya shiga kamfanin ƙarfe na Midvale a Philadelphia a 1878. A can ya lura ma'aikata na jan ƙafa da gangan, kuma ba lalaci ba ne. Ana biyansu jinga, kuɗi a kan kowane abu da suka ƙera, kuma sun sha gani cewa duk ranar da suka yi sauri sai a rage farashin jingar.

Gwajinsa mafi shahara ya gudana a kamfanin Bethlehem wajajen 1899, a kan leburori masu loda curin baƙin ƙarfe a jirgin ƙasa, kowane curi kimanin kilo 42. A cewarsa, lebura na loda tan 12 da rabi a yini. Da aka zaɓi ƙarfafa, aka tsara musu lokacin ɗauka da na hutawa, sai aka kai tan 47 da rabi, lada kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa 1.85. Aiki ya ninka kusan sau huɗu, lada bai ko ninka ba. Masu binciken tarihi sun nuna shakku kan yadda Taylor ya ba da labarin, kuma ƙalilan ne cikin leburorin suka iya jure wannan lodi.

Gwajin shebur ya fi wannan amfani. Kowane lebura na zuwa da sheburinsa daga gida, da shi yake kwasar tama mai nauyi, da shi yake kwasar garin kwal marar nauyi. Taylor ya gano cewa mutum ya fi kwasa da yawa a yini idan kowane cikin shebur ya tsaya a kan kilo 9 da rabi, sai kamfani ya tanadi shebur iri-iri, ƙarami don tama, babba don kwal. Alƙalumansa sun nuna abin da mutum ɗaya ke kwasa ya tashi daga tan 16 zuwa 59, leburorin fili kuma suka ragu daga tsakanin 400 da 600 zuwa kimanin 140. Ragin nan shi ne abin da 'yan ƙwadago ke tsoro. A 1911 ma'aikatan masana'antar makamai ta gwamnati a Watertown suka tafi yajin aiki saboda an tsaya a kansu da agogo, majalisar dokokin Amurka ta yi bincike, kuma wajajen 1915 ta hana amfani da agogon a irin waɗannan masana'antu.

Frank Gilbreth da matarsa Lillian motsin jiki suka duba maimakon agogo. Frank tsohon birkila ne, ya ga magini na sunkuyawa ƙasa duk lokacin da zai ɗauki bulo. Ya ƙera dakali mai hawa da sauka wanda ke riƙe bulo da kwaɓi daidai hannu, ya rage motsin ɗora bulo ɗaya daga 18 zuwa kimanin 5, abin da ake jerawa a sa'a ya tashi daga 120 zuwa 350.

Ford da sa'o'in aiki

A 1913 kamfanin Ford ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a Highland Park, inda aiki ke zuwa gaban ma'aikaci shi yana tsaye. Haɗa gangar jikin mota ya sauko daga sa'a 12 da ɗoriya zuwa minti 93. Sai dai ma'aikata ba su zama ba. A wannan shekara kamfanin ya ɗauki mutum sama da 50,000 don kawai ya riƙe gurabe kimanin 14,000, kuma kowane sabo sai an koya masa. A Janairun 1914 aka sanar da ladan dala 5 a yini, fiye da ninkin na da, aka mayar da yinin aiki sa'a 8 daga 9. A 1926 kamfanin ya koma aikin kwana biyar a mako.

A Birtaniya, kwamitin da aka kafa a 1915 don duba lafiyar masu ƙera makamai ya samu cewa dogayen sa'o'i da aiki ranar Lahadi ba sa ƙara abin da ake fitarwa a mako, gajiya ke cinye ƙarin. Yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a 1919, ta tsayar da sa'a 8 a yini da 48 a mako a masana'antu.

Gwaje-gwajen Hawthorne

An yi su tsakanin 1924 da 1932 a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric kusa da Chicago. Da farko hasken fitila aka gwada, aka ce aiki ya ƙaru ko an ƙara haske ko an rage. Daga baya aka keɓe mata biyar masu haɗa kayan tarho, ana sauya musu hutu da lokacin tashi. Elton Mayo, masani daga jami'ar Harvard, ya fassara sakamakon da cewa kulawa da jin ana damawa da mutum su ke ƙara aiki. Masu suka sun ce an sauya tsarin biyan matan, an kuma canza biyu daga cikinsu ana tsakiyar gwaji. Abin da ba a cika ambata ba shi ne ɗakin maza 14 masu haɗa waya, waɗanda suka yanka wa kansu adadin da ba a wucewa a yini, wanda ya zarce kuma ya sha zolaya. Matsalar Midvale ce ta sake ɓullowa.

Tsarin Toyota

Bayan yaƙin duniya na biyu, Taiichi Ohno, injiniya a kamfanin motoci na Toyota a Japan, ya gina tsarin da ke farautar asara a cikin aiki. Ya lissafa iri bakwai: ƙera fiye da buƙata, jira, jigilar da ba dole ba, aikin da ya wuce abin da mai saye ke so, tara kaya a sito, motsin banza, da kaya masu aibi. Ta farko ya ɗauka uwar sauran, domin tarin kaya na ɓoye matsala. Kowane ma'aikaci na da ikon jan igiya ya kira shugabansa, layi ya tsaya idan ba a gyara ba. Idan inji ya lalace ana tambayar "me ya sa?" har sau biyar, don kada a tsaya ga sauya fis alhali rashin mai ne ya ƙona shi. Ƙananan gyare-gyaren da ma'aikata ke kawowa da kansu su ake kira kaizen.

A 1984 Toyota da General Motors suka sake buɗe masana'antar Fremont a California, wadda aka rufe a 1982 bayan ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da motoci masu aibi. Akasarin waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan wurin ne, amma cikin ɗan lokaci motocinta suka shiga sahun gaba wajen nagarta a kamfanin General Motors.

Yadda ake auna aiki

Ana zaɓen ma'aikaci matsakaici wanda ya goge, a gaya masa dalili tun farko. A kasa aikin gida-gida, a auna kowane gida sau da yawa a lokuta daban-daban na yini, a fitar da matsakaici. Sannan a ƙara rangwame don gajiya da biyan buƙata, galibi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, fiye da haka a wuri mai zafi ko aikin ƙarfi. Saurin layi kuwa daga buƙatar kasuwa ake cire shi: yini mai minti 480, a cire 30 na hutu, saura 450, idan ana son kaya 300, kowane ɗaya ya fita cikin daƙiƙa 90. Matakin da ya fi haka daɗewa shi ne maƙogwaron aikin, kuma ƙara sauri a wani mataki ba zai haifar da komai ba sai tarin kaya a gabansa.

Kuskure uku sun fi yawa. Auna gwanin gwanaye a ɗora wa kowa adadinsa. Rage farashin jinga bayan an samu sauri, wanda ke koya wa ma'aikata ɓoye iyawarsu. Da kuma rataya lada a kan adadi guda ɗaya: a 2016 an ci bankin Wells Fargo na Amurka tarar dala miliyan 185, bayan ma'aikatan da aka matsa wa lamba su cika adadi sun buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba.

Aiki daga gida da mako mai kwana huɗu

Gwajin wata tara a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke ƙasar Sin ya nuna ƙarin kashi 13 cikin ɗari ga masu amsa waya daga gida, sai dai ƙarin girma ya yi musu nawa. A Birtaniya kamfanoni 61 sun gwada aikin kwana huɗu a 2022, 56 suka ci gaba da shi. Kamfanonin su suka kawo kansu, don haka ana taƙaddama kan ko sakamakon zai shafi kowa.

A Najeriya

Cibiyar Ingancin Aiki ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarun 1980, tana ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago. Jihar Kaduna ta soma mayar da ma'aikatanta aikin kwana huɗu a ofis daga Disamban 2021.