Ajiye kwafin abin da ke cikin laftop: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi mini

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a cikin garin Sakkwato, kuma da wuya mako ya wuce ba tare da wani ya shigo da laftop da ta mutu yana roƙon a ceto masa abin da ke ciki ba. Mafi yawansu ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, musamman lokacin rubuta kundin kammala karatu, sai kuma ma'aikata da 'yan kasuwa. Tambayoyin ba sa canzawa, ni kuwa bakina ya gaji da maimaita amsa, shi ya sa na rubuta su wuri ɗaya.

Na raba faifan kwamfutata gida biyu, C da D, na zuba aikina a D. Bai isa ba?

Bai isa ba. Faifai ɗaya ne aka yi wa shamaki, kuma ranar da ya mutu, da C da D tare za su tafi.

Ai laftop ɗina sabuwa ce, me zai same ta?

Malam, yawancin abin da muke kira sabuwa a kasuwarmu ta hannu ce da aka shigo da ita daga waje, kuma ba ka san shekarun da faifanta ya yi yana aiki ba. Ko daga kwali ka ciro ta, zafin Sakkwato a watan Afrilu da Mayu yakan wuce maki 40, ƙurar hunturu tana toshe fanka, wutar janareta tana hawa da sauka, ga kuma ɓarawo wanda ba ruwansa da shekarun kwamfuta. Tsohon faifai mai juyawa yakan yi ƙara ko ya fara nauyi kafin ya mutu, amma SSD, faifan da ba ya juyawa da ke cikin kwamfutocin yanzu, yakan ɗauke lokaci guda ba tare da wata alama ba. Wannan maganar ta cewa laftop sabuwa ce ita ta fi ɓata mini rai, domin masu faɗin ta su ne ke dawowa da hawaye.

Filash ya wadatar?

Ya fi babu, amma kada ya zama shi kaɗai. Yana ɓata, yana ɗaukar cutar kwamfuta a shagunan buga takardu, kuma akwai na jabu da ke nuna girman da ba shi da shi, sai ka zuba fayil ya ƙi buɗewa daga baya. Idan ya ƙi karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, tsarinsa FAT32 ne, sai a mayar da shi exFAT bayan an kwashe abin da ke ciki.

Kwafi nawa ake bukata?

Uku: wanda ke cikin laftop, ɗaya a faifan waje, ɗaya kuma a wurin da ba gidanka ba, ko a intanet ko a hannun ɗan'uwa. Kada ka sa faifan waje cikin jaka ɗaya da laftop.

Ina so idan ta lalace in dawo da komai yadda yake, har da Windows da manhajojina. Zai yiwu?

Zai yiwu, amma da sharuɗɗa, kuma a nan ne ya kamata a karanta a tsanake. Kwafin ajiya iri biyu ne. Na farko kwafin fayiloli ne, wato takardu da hotuna da makamantansu, wanda File History ke yi a Windows. Na biyu shi ne cikakken hoton faifai, wanda ke ɗaukar Windows da manhajoji da saituna da komai a dunƙule. Ana yin sa ta tsohon sashen nan mai suna Backup and Restore da ke cikin Control Panel, ko da manhajar kyauta irin Clonezilla, wadda ake tayar da ita daga filash. Mai kwamfutar Apple ya huta da wannan rabe-raben, domin Time Machine ta haɗa masa mafi yawan abin da yake bukata.

Idan faifai ne kawai ya mutu, sauran kwamfutar lafiya lau, to cikakken hoton shi ne mafi sauƙi: a sa sabon faifai, a tayar da kwamfutar daga filash na farfaɗowa, wato filash da aka zuba wa kayan gyaran Windows, a zuba hoton, ka ci gaba daga ranar da ka ɗauke shi. Sharaɗin shi ne sabon faifan kada ya gaza tsohon girma, domin waɗannan manhajoji sukan ƙi zuba hoton babban faifai a kan ƙarami ko da rabinsa babu komai. Filash na farfaɗowa kuwa, tun kwamfutar tana da rai ake yin sa, a tanadi mai gigabait 16 ko fiye, a kuma sani cewa za a goge duk abin da ke cikinsa.

Idan kuwa kwamfutar ce gaba ɗaya ta tafi, ko an sace ta ko allon cikinta, wato babban allon da duk sassanta ke haɗe da shi, ya ƙone, ka sayi wata daban, to al'amarin ya danganta. Wani lokaci Windows 10 ko 11 yakan tashi a sabuwar na'ura, ya nemo direbobinta da kansa, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassanta aiki, a wuce wurin. Wani lokaci kuma yakan tsaya a shuɗin allo mai nuna matsala, musamman idan tsohuwar tana tashi da tsarin BIOS na da, sabuwar kuma UEFI ce, ko kuma yadda suke magana da faifai ya bambanta. Ko ya tashi, lasisin Windows da ya zo da tsohuwar laftop yana ɗaure da allon cikinta, wasu manhajojin kuɗi ma za su sake neman lambar rajista. Saboda haka ba na yi wa kowa alkawarin cewa hoton zai zauna a wata kwamfuta. Shawarata ita ce a haɗa biyun: hoton faifai duk bayan wata ɗaya ko biyu saboda mutuwar faifai, kwafin fayiloli kuma a kai a kai, domin shi kam kowace kwamfuta za ta buɗe shi. A rubuta sunayen manhajoji da lambobin rajistarsu a takarda. Wanda har yanzu yake kan Windows 10 ya tuna cewa Microsoft ya daina tallafa masa na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, don haka sabuwar kwamfutarsa da Windows 11 za ta fi dacewa, kuma a wannan hali fayilolinsa ne za su yi masa amfani fiye da tsohon hoton.

Mene ne wannan lambar BitLocker da ake tambaya ta?

Mabuɗin faifanka ne, lambobi 48. Kwamfutoci da yawa suna kulle faifansu tun ranar da aka shiga da asusun Microsoft, mai ita bai ma sani ba. Ka shiga asusun yau, ka nemo lambar, ka rubuta ta a takarda ka adana. Idan babu ita, ni da duk wani mai gyara ba mu da dabarar buɗe faifan, kuma don Allah a daina zargin mu da ƙin taimakawa.

Komai nawa yana Google Drive, ba shi ke nan ba?

Ka yi ƙoƙari, amma ka fahimci abin da yake yi. Idan jakar fayilolinka ta Google Drive tana daidaita kanta da kwamfuta, abin da ka goge a nan zai gogu a can, kuma kwandon shararsa kwana 30 kawai yake riƙe fayil. Kyautar Google gigabait 15 ce, ita ma tare da Gmail da hotuna ake cin ta, ta OneDrive na Microsoft kuwa 5 ce. Da tsadar data, ka ɗora takardu masu muhimmanci kawai, bidiyon biki ya tafi faifan waje. Ka kuma tabbata lambar wayar da ke kan asusun tana hannunka har yanzu.

Zan iya barin faifan waje a jone kullum?

A'a. Cutar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ta bazu a duniya a Mayun 2017, tana bin duk faifan da ta samu a jone. Ka gama, ka cire.

Tawa ta riga ta mutu, ban ajiye komai ba. Shi ke nan na rasa?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, sau da yawa ba haka ba ne. Idan allo ne ko caji ko allon ciki ya lalace, faifan yana nan da ransa, ana ciro shi a sa a wata kwamfuta a kwashe komai, muddin ba irin wanda aka liƙe a jikin allon ba ne. Abin da nake roƙo shi ne ka daina kunna ta idan kana jin ƙara daga faifan, kuma kada ka yarda kowa ya sake ɗora mata Windows kafin a kwashe aikinka. Na ga ɗaliba da aka yi wa haka a wani shago saura mako biyu ta kare kundinta, kuma da yake SSD ne, babu abin da ya dawo.

Ta yaya zan san kwafin yana aiki?

Ka gwada shi. Ka kai faifan wata kwamfuta, ka buɗe fayil uku ko huɗu daga jakunkuna daban-daban, ka duba kwanan watan na ƙarshe. Filash na farfaɗowa ma ka tayar da laftop da shi sau ɗaya, ka ga ya kai ka shafin gyara, sannan ka rubuta masa suna ka ajiye shi tare da takardar lambar BitLocker.