Waiwaye: Yadda Zanen Tukwanen Hopi Ya Taso Daga Kufai

A arewa maso gabashin jihar Arizona ta Amurka, ƙabilar Hopi na zaune a kan wasu tuddai uku masu shimfiɗaɗɗen kai, inda ruwan sama ke da wuyar samu. Shi ya sa zanen tukwanensu ya cika da gajimare da layukan saukar ruwa. Gashin tsuntsu kuma alama ce ta addu'a mai tashi sama, jerin fuka-fukai masu lanƙwasa na tuna ƙaurar da kakanninsu suka yi kafin su yada zango.

Tun wajen ƙarni na 14 mutanen Sikyatki, wani tsohon garin Hopi, ke gina tukwane masu ruwan ɗorawa, masu faɗi, suna gasa su da kwal. Garin ya tashi, salon ya ɓace tare da shi. Da Sifaniyawa suka shigo da tumaki, aka koma gasa tukwane da busasshen kashin tumaki.

A 1895 wani mai binciken kayan tarihi, Jesse Walter Fewkes, ya tona kufan Sikyatki. Ana yawan jingina masa farfaɗowar sana'ar, abin da nake ganin rashin adalci ne. Wadda ta yi aikin ita ce Nampeyo, maginiya daga ƙauyen Hano, wadda ta riƙa tsintar tsingaro tana nazarin zanensa har ta mayar da shi nata. Zanen wutsiyar gaggafa da na ƙaura su suka fito da sunanta, har a 1905 ta gina tukwane a gaban baƙi a Grand Canyon, wani babban kwazazzabo a Arizona.

Da hannu ake komai. A murza yumɓu kamar igiya, a ɗora zagaye bisa zagaye, a goge da santsin dutse har ya yi sheƙi. Burushin ganyen yuka ne, wani tsiron hamada, da aka tauna bakinsa, baƙin launi kuma daga dafaffen ganye da garin dutse. Idanun Nampeyo sun dushe a shekarun 1920, amma ba ta daina gini ba. 'Ya'yanta mata, irin su Fannie, suka karɓi zanen. Ta rasu a 1942, jikoki da tattaɓa-kunnenta na ci gaba.

Da kasuwa ta buɗe, jabu ya biyo baya. A 1990 Amurka ta kafa dokar da ta haramta sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasar alhali ba su suka yi ba.