Rashin barci da faɗuwar gaba: ko suna nuna yadda maganin damuwa zai yi aiki?

Masu ciwon damuwa da yawa ba sa fara ce mana ransu a jagule yake. Abin da suke kawowa shi ne "barci ya ƙi zuwa", ko "gabana na faɗuwa ba dalili". Waɗannan biyun ba ƙananan korafe-korafe ba ne, don suna iya shafar yadda magani zai karɓi mutum.

A babban binciken STAR*D da aka yi a Amurka kan mutum kusan 4,000, wanda sakamakonsa ya fara fitowa a 2006, kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka warke sarai da maganin farko, sitalofiram. Kimanin rabin marasa lafiyar suna fama da fargaba mai tsanani, kuma waɗannan sun fi jinkirin samun sauƙi, waɗanda suka warke cikinsu ma ba su kai sauran yawa ba. Amma wannan lissafi ne na taron jama'a. Mai fargaba yana warkewa, sai dai sau da yawa yana buƙatar ƙarin lokaci, ko gyaran adadin magani, ko sauya shi.

Inda nake ganin ana yawan tuntuɓe shi ne makonni biyun farko. Magunguna irin su fuloksetin da satralin kan ƙara tayar da hankali da hana barci da fari, kafin amfaninsu ya bayyana bayan mako huɗu zuwa shida. Sai mutum ya ce maganin bai karɓe shi ba, ya ajiye. Da ya koma ya faɗa wa likita, wataƙila a mayar da shan maganin da safe, ko a ba shi maganin damuwa mai sa barci irin mirtazafin da dare. Kada kuma a sayi diyazefam, maganin kwantar da hankali, da kai, jiki na saurin sabawa da shi.

Idan zuciya ta wartsake amma barci bai daidaita ba, a sanar da likita, domin ciwon ya fi saurin dawowa a haka. Mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke sarƙewa cikin dare shi ma ya faɗa.

Wanda kuwa ya taɓa shafe kwanaki yana barci kaɗan ba tare da jin gajiya ba, ga kuzari da yawan magana, ya bayyana hakan tun kafin a rubuta magani, don nasa magani daban ne. Tunanin kashe kai, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 25 a farkon shan magani, na buƙatar zuwa asibiti a ranar.