Git da bambancin haɗe: tambayoyin da na gaji da amsawa

Samarin da muke zama da su ranar Asabar a unguwar Asawase ta Kumasi, da ƴan jami'ar KNUST masu turo min saƙo da tsakar dare, tambayoyinku a kan haɗe rassa (merge) a Git, manhajar ajiye tarihin canje-canjen aiki, ba sa canzawa. Ga su nan na tara. Wanda ya sake tambaya, wannan rubutun zan tura masa.

Na buga `git log -p`, kowane komit ya nuna canjinsa, amma na haɗe ya zo fayau. Git ɗina ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau. Komit, wato canjin da aka ajiye a tarihi, na yau da kullum uwa ɗaya gare shi, wato komit ɗin da ya gabace shi, don haka bambancinsa ɗaya ne. Komit na haɗe iyaye biyu gare shi, wani sa'in ma fiye. Da wacce za a gwada shi? Ba ka faɗa ba, sai ya yi shiru.

Ai `git show` yana nunawa.

Yana nuna wani abu, ba duka ba. Shi `--cc` yake amfani da shi ko ba ka ce ba.

Mene ne bambancin `-m` da `-c` da `--cc`?

`-m` yana gwada haɗen da kowace uwa daban, sai ka samu bambanci biyu, yawanci masu tsawo. `-c` yana haɗa su wuri guda, kuma fayilolin da suka saɓa wa duka iyayen kawai yake kawowa. `--cc` ya ƙara tacewa: duk gutsuren da sakamakonsa ya yi daidai da ɗaya daga cikin iyayen, sai ya zubar da shi. Ku riƙe wannan jimla ta ƙarshe da kyau, don ita ce ke cin mutane.

Tun Git 2.31, a Maris 2021, duka ukun suna da dogon suna: `--diff-merges=separate`, da `combined`, da `dense-combined`, ga kuma `first-parent` da `off`. A cikin sikirif, wato fayil mai jerin umarnin da ke gudana da kansu, dogon sunan za ku rubuta. Wanda zai gaji aikinku ba shi da lokacin tuna wane harafi ne wane.

Na sa `-m` kaɗai, ban ga komai ba. Wannan ba kuskure ba ne?

Ƙara `-p`.

Na san abin da za ka ce: `-c` da `--cc` suna jawo `-p` da kansu, me ya hana `-m`? Ba kai ka fara wannan ƙorafin ba. A 2021 Sergey Organov, wanda ya yi yawancin aikin `--diff-merges`, ya gyara shi yadda kake so, aka karɓi gyaran. Kafin Git 2.33 ya fito a watan Agusta aka janye shi. Dalili kuwa, akwai sikirif a hannun mutane masu ɗauke da `-m` waɗanda jerin komit kawai suke jira, sai ga shafuka na bambanci suna zubo musu.

Ni ina tare da masu janyewa. Gaskiya ne tsarin bai yi kyau ba, haruffa uku ƴan gida ɗaya amma ɗaya halinsa daban. To amma `-m` bai taɓa nufin "nuna min bambanci" ba. Abin da yake nufi shi ne "kar ka tsallake haɗe". Shi ya sa yake aiki da `--stat`, da `--name-only`, da `-S` mai neman komit ɗin da ya ƙara ko ya cire wata kalma, inda ba wanda ya nemi a zubo masa layuka. Kuma kayan aikin da ke hannun jama'a tun 2005 ba a canza masa hali don ya yi kyan gani a takardar bayani. Wanda sikirif ɗinsa ya fashe da asuba bai damu da kyan tsari ba.

Me ya sa ba su ba mu `-d` kawai ba, suka kawo wani `--dd`?

An nemi `-d` ɗin. Junio Hamano, mai riƙe da Git tun 2005, bai yarda a ba da harafi ɗaya ba, aka tsaya a kan `--dd`, ya shigo a 2.43 cikin Nuwamba 2023. Ma'anarsa `--diff-merges=first-parent` haɗe da `-p`. Harafi ɗaya kamar rumfar bakin hanya ce a kasuwar Kejetia: ba su da yawa, kuma in ka ba mutum, ba ka isa ka tashe shi ba. Labarin `-m` da na gama ba ku shi ne shaida. Ƙarin bugu biyu a kan allon rubutu ba zai karya maka yatsa ba.

`--dd` da `--first-parent -p` ba abu ɗaya ba ne?

A'a. `--first-parent` yana hana Git shiga cikin rassa, babban layi kawai yake bi, kuma tun 2.29 yana nuna kowane haɗe a gwade da uwa ta farko. `--dd` yana shiga ko'ina, don haka canji ɗaya zai iya zo maka sau biyu: a komit ɗinsa na asali, da kuma a haɗen da ya shigo da shi.

Wani gyara da na yi ya ɓace daga babban reshe, kuma ba komit ɗin da ya goge shi. Yaya zan gano haɗen da ya haɗiye shi?

Yawwa, wannan ce tambaya. Zauna, amsar ba gajera ba ce, kuma ban yi maka alkawarin za ta yi aiki a kowane rumbun Git (repository) ba.

Da farko, kwantar da hankalinka. Muddin komit ɗinka ya taɓa shiga tarihin, yana nan, ba abin da ya salwanta.

Abin da ya fi faruwa shi ne wani ya zo haɗe, layuka suka ci karo, ya ɗauki ɓangarensa gaba ɗaya ya wuce. In ka buga `git show` a kan wannan haɗen ba za ka ga komai ba, saboda sakamakon ya yi daidai da uwa ɗaya, `--cc` ya zubar da shi. Shirun `--cc` ba ya wanke kowa. Abin da ya fi wannan ban haushi, `git log` a kan fayil ɗin ma yana iya ɓoye maka komit ɗinka: in fayil bayan haɗe ya zo daidai da na uwa ɗaya, Git ita kaɗai yake bi, ya watsar da ɗayan reshen. Sai mutum ya fara shakkar ko ya taɓa yin gyaran.

To ka fara da `git log --full-history -m -S"kalma" --oneline`, ka biyo da sunan fayil bayan `--`. Kalmar ka ɗauko ta daga layin da ya ɓace, wadda ba ta cika maimaituwa ba. `--full-history` zai hana shi watsar da reshe, `-m` kuma zai sa `-S` ya leƙa cikin haɗe, abin da ba ya yi da kansa. Ka ga amfanin `-m` maras `-p` ke nan.

Jerin da zai fito zai haɗa da marasa laifi, domin haɗen da ya shigo da layin ma zai bayyana. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da `git show --remerge-diff`. Wannan aikin Elijah Newren ne. Yana sake yin haɗen da kansa, sannan ya nuna maka inda abin da aka ajiye ya saɓa wa abin da na'ura za ta yi. Wato hannun mutum kawai kake gani. In an zaɓi ɓangare ɗaya a wurin karo, zai fito. In an yi `-s ours` aka watsar da reshe sukutum, shi ma zai fito.

Amma fa da sharaɗi. Git ba ya ajiye dabarar da aka yi haɗe da ita, kuma injin haɗe na yanzu, `ort`, sai a 2.34 ya zama na kullum. Tsohon haɗe yana iya nuna ɗan saɓani, musamman inda aka sauya wa fayil suna, ba tare da kowa ya yi ɓarna ba. Haɗe mai iyaye fiye da biyu kuwa tsallake shi yake yi. In kuma ya zo fayau, to Git da kansa ya cire layin, ma'ana akwai komit a ɗaya reshen da ya goge shi ko ya warware shi, can za ka nema. Sannan in ƙungiyarku masu dunƙule reshe ne ya zama komit ɗaya, ko masu `rebase`, wato sake jera komit ɗin reshe a kan babban layi, babu komit na haɗe da za ka bincika. Ɓarnar tana cikin komit na yau da kullum, `-S` kaɗai ya ishe ka.

In ka gano mai shi, ka same shi shi kaɗai, ɗan'uwa. Yawanci mutum ne da wuta ta ɗauke masa, batiri na shirin mutuwa, ya danna abin da ya fi kusa.

In na saita `log.diffMerges`, `git log -p` zai fara nuna haɗe?

A'a. Salon da `-m` zai ɗauka kawai yake canzawa. Kuma in ka saita shi a kwamfutarka, kar ka yi mamaki in na abokin aikinka ya nuna wani abu daban.

Na buga `--remerge-diff`, ya ce bai san shi ba.

Buga `git --version`. Sai 2.36, na Afrilu 2022, zuwa sama. Ubuntu 22.04 da 2.34 yake zuwa, 20.04 kuma da 2.25, wanda ko `--diff-merges` ba shi da shi. Na 24.04 yana da 2.43, komai na ciki har `--dd`. Sabunta naka. In ya ƙi, kwafo min rubutun kuskuren, kar ka sake turo min hoton allo da aka ɗauka da waya a karkace.