Mene ne "tantancewar masana" a binciken magana da ji?

Idan mai tallar na'urar taimaka wa ji ko mai maganin in'ina ya ce maka "bincike ya tabbatar", ka tambaye shi inda aka buga binciken da kuma wanda ya duba shi kafin a buga. Wannan dubawar ita ake kira tantancewar masana.

Ga yadda take tafiya. Mai bincike ya kammala aikinsa, ya rubuta maƙala, ya aika wa mujallar kimiyya. Edita ba ya buga ta nan take. Sai ya tura ta ga masana biyu ko uku da suka goge a fannin, waɗanda ba su da hannu a aikin, su bi ta layi-layi. Galibi marubucin bai san ko su wane ne ba, a wasu mujallun ma ana ɓoye musu sunansa, kuma yawancinsu kyauta suke yin aikin. Daga rahotonsu edita zai yanke hukunci: a karɓa, a koma a gyara, ko a ƙi. Da wuya maƙala ta wuce a karon farko ba gyara.

A wannan fanni akwai tsofaffin mujallu da ke aiki da tsarin. Ƙungiyar masana magana da harshe da ji ta Amurka, wato ASHA, wadda aka kafa a 1925, ita ke buga Journal of Speech, Language, and Hearing Research, mujallar da tushenta ya faro tun 1936. Akwai Ear and Hearing ta masana ji, da Journal of Fluency Disorders da ta keɓanta ga in'ina da makamantanta, da Aphasiology da ke kula da rikicewar harshe bayan rauni a ƙwaƙwalwa, irin wadda ke biyo bayan shanyewar ɓarin jiki.

A batun in'ina ne na fi ganin amfanin tsarin ƙarara. Kusan uku cikin huɗu na yaran da suka fara in'ina tun suna ƙanana sukan daina da kansu, ba tare da an yi musu komai ba. To, a ce wani ya gwada sabuwar hanyar horo a kan yara 20, bayan shekara biyu 15 suka warware. Zai yi murna, iyaye ma za su yi ta sa masa albarka. Amma masanin da aka tura wa maƙalar zai tambaya: ina rukunin yaran da ba a yi wa horon ba, mu kwatanta? Wa ya ƙirga yawan sarƙewar kalmomin, kuma ya san yaron da aka yi wa magani da wanda ba a yi wa ba? A gida aka naɗi muryar ko a ɗakin gwaji kaɗai? Waɗannan tambayoyi suna kare uwa daga ɓata watannin da ɗanta ke buƙata a kan abin da ba shi da tushe, kuma ni wannan kaɗai ya ishe ni dalilin girmama tsarin.

Sai dai tantancewa ba rantsuwa ba ce cewa sakamakon gaskiya ne. Masanan ba sa sake yin gwajin, abin da aka rubuta musu suke karantawa. A 1998 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga maƙalar wani likita, Andrew Wakefield, da ta alaƙanta allurar rigakafin MMR (ta ƙyanda, hangum da rubella) da otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, kuma sai a 2010 aka janye ta, bayan ɓarnar ta riga ta yaɗu.

Ko maƙala mai inganci ma tana iya shan wahala a hannun masu yaɗa labari. A 2023 mujallar The Lancet ɗin ta buga gwajin ACHIEVE, wanda aka yi a Amurka da tsofaffi 977 masu shekara 70 zuwa 84, don a ga ko kula da matsalar ji da na'ura na rage dusashewar ƙwaƙwalwa. Bayan shekara 3, a jimillar mahalarta ba a ga bambanci ba tsakanin waɗanda aka ba na'urar da waɗanda ba a ba su ba. A rukunin da ya fi fuskantar haɗarin dusashewar ƙwaƙwalwa ne aka ga saurin dusashewar ya ragu da kashi 48 cikin 100. Duka biyun suna cikin maƙalar, amma sakamako na biyu ne ya fi zagaya duniya.

Akwai kuma mujallun bogi da ke karɓar kuɗin marubuci su buga cikin 'yan kwanaki, suna iƙirarin sun tantance. A mujallar kirki ana ɗaukar makonni ko watanni, kuma da yawansu sukan rubuta ranar da maƙala ta iso da ranar da aka amince da ita a shafin farko, inda mai karatu zai iya dubawa da kansa.